Ka San Sunan Dutsen Garinku

Ɗana, matso kusa. Ba faɗa zan yi maka ba.

Ku yaran yanzu, duk abin da ya ɗago daga ƙasa sai ku ce dutse, ku wuce. Ban ga laifinku ba, kalmar ce mai faɗin ciki. Wanda ka jefi akuya da shi da ta shiga gonar rake, dutse ne. Wanda kakarka ta durƙusa a gabansa tana niƙan dawa, dutse ne. Kufena da ke tsaye wajen Wusasa a Zariya, shi ma dutse ne. Mun ari kalmomi da yawa daga Larabci, amma wannan tamu ce ta gado. Ko Arfa da Uhudu da muka ji a bakin malamai, Dutsen Arfa da Dutsen Uhudu muke cewa. Katsinawa da Sakkwatawa kuwa dutsi suke faɗa, shi ya sa kake jin Dutsin-Ma a can, ga kuma Dutse, babban birnin Jigawa tun 1991.

In abin ya yi tsawo sosai, sai a ce tsauni. Mafi tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419. Mu nan Ikara da Makarfi da Kudan, Allah bai ba mu irinsa ba. Tudu ya ba mu da fadama, sai falalen dutse jefi-jefi, inda mata ke shanya barkono da kuɓewa. Alhamdu lillahi, ba mu raina ba.

To, a nan nake so ka buɗe kunne. Wata rana za ka nemi gona, saye ko aro. In mai ita ya ce maka ta tudu ce, ya gaya maka masara da dawa da waken soya ke nan, kuma sai ka jira damina. In ya ce fadama ce, rake da tumatir da albasa yake nufi, da aikin rani. In ka ji maƙwabci ya yi ƙasa da murya ya ce akwai marmara a ciki, ka dakata. Garma za ta yi ta karo, saiwa ba za ta nutsa ba, takinka ya tafi a banza. Wanda duk waɗannan suka zame masa abu ɗaya, kuɗinsa zai zuba ya dawo yana zargin damina.

Magabata ba su yi wasa da duwatsu ba. A gindin Dala maƙera suka zauna saboda tama, har Kano ta kafu. Mutanen Zazzau sun zauna Turunku da Kufena, don dutse yakan kare mutum daga mahara. Ga Dutsen Wai nan a Kubau, maƙwabtan Ikara, gari guda yana amsa sunan dutse.

Har yau wasu gonakin da dutse ake gane iyakarsu. Dattijo zai ce daga falalen nan zuwa gindin ɗorawa ta wane ce, kowa ya yarda. Yanzu ga masu fasa dutse, ga tifa tana kwasa. Ba na zarginsu, abincinsu suke nema, gini kuma ba ya yiwuwa sai da tsakuwa. Amma in dutsen ya tafi, dattijon ma ya kwanta dama, 'yan uwa biyu sai su wayi gari a gaban alƙali a kan taku goma.

An ce dutsen cikin ruwa bai san ana rana ba. Kana da tsofaffi a gida, shi ya sa ba ka jin rashinsu. Gobe in Allah ya kai mu, bayan la'asar, ka bi baffanka gona. Ka tambaye shi sunan kowane dutse da kowane tudu, da iyakar da yake riƙe da ita. Ka rubuta, ko a wayar nan taka ce. Allah ya yi maka albarka.