Yadda ake ɗinke hotuna su zama panorama guda ɗaya

Yau za mu duba yadda ake ɗaukar hotuna da yawa a jere, sannan manhaja ta ɗinke su su zama hoto ɗaya mai faɗi, wato panorama. Za mu yi misali da Lolo, garin kan iyakar Najeriya da Benin a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. Duk wanda ya tsaya a bakin kogin Neja a can ya san hoto ɗaya ba ya iya ɗaukar ruwa da jiragen kwale-kwale da fadamun shinkafa gaba ɗaya.

Yaya manhajar ke aiki?

Manhajar ba ta san kogi ba, ba ta san gona ba. Abin da take nema shi ne alamomin da suka fito a hotuna biyu a lokaci guda, kamar kusurwar rufin kwano, reshen bishiya ko turken da aka ɗaure jirgi. Idan ta same su, sai ta lanƙwasa hotunan har alamomin su hau kan juna, ta daidaita haske, ta ɓoye wurin ɗinkin. Fitacciyar dabarar gano waɗannan alamomi ita ce SIFT, wadda David Lowe na Jami'ar British Columbia a Kanada ya fito da ita a 1999. A 2012 Apple ya saka panorama a kyamarar iPhone, Google kuma ya kawo Photo Sphere a Android 4.2.

Ke nan kyawun panorama daga wajen ɗauka yake farawa. In ba ka ba manhajar alamomi ba, ba ta da abin kamawa.

Matakan ɗauka

1. Riƙe wayar a tsaye. Hakan zai ba ka ƙarin sama da ƙasa, domin bayan ɗinki sai an yanke gefuna.
2. Danna kan allon ka riƙe har haske da saiti su kulle. In ba haka ba, wani ɓangaren zai yi duhu, wani ya yi fari.
3. Kowane hoto ya maimaita kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi. Bishiyar da ke gefen dama a hoton farko ta fito a gefen hagu a na biyu.
4. Wayar za ka juya a inda take, kada ka miƙa hannu kana zagayawa da ita. Idan kyamarar ta sauya wuri, abin da ke kusa da na nesa za su goce wa juna, sai ka ga turke ya karye biyu.
5. Kada ka taɓa zum har ka gama.

Matsalar bakin kogi

Ruwa da sararin sama ba su da alama tsayayya, igiyar ruwa kuma kullum motsi take. Don haka ka tabbata gaɓar kogi ko bishiyoyin tsallake sun shiga kowane hoto. Jirgin da ke tafiya yana iya fitowa sau biyu ko a yanke shi rabi, sai ka jira ya wuce, ko ka kama shi a tsakiyar hoto ɗaya. Lokacin hunturu ƙura na dusar da alamomin nesa. Da safe ko da yamma hasken ya fi laushi, amma rana ta kasance a bayanka.

Wace manhaja za ka ɗauka?

Mafi sauƙi ita ce kyamarar wayarka. A yawancin wayoyin Tecno, Infinix da Samsung za ka ga Panorama cikin jerin salon ɗauka, a iPhone kuma an rubuta Pano. Bi kibiyar a hankali kawai. In kana son inganci ya fi haka, ɗauki hotunan ɗaya bayan ɗaya ka haɗa su da Bimostitch a Android. Mai kwamfuta kuma ya sauke Hugin, kyauta ce, tana aiki a Windows, Mac da Linux. PTGui ta ƙwararru ce, amma sai an biya.

Gargaɗi

Panorama na kwaso abin da ba ka yi niyya ba. A garin kan iyaka irin Lolo, kada ka juya kyamara wajen shingen kwastan, jami'an shige da fice ko sojoji ba tare da izini ba, domin hakan na iya jawo a karɓe wayar ko a tsare ka. Haka nan ka nemi yardar masunta da mata masu wanki a bakin ruwa kafin su shiga hotonka.

In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto har ƙananan abubuwa su ɓace. Fara gwaji da hotuna uku a ƙofar gidanku, in ɗinkin ya fito sumul sai ka ƙara zuwa shida.