Rumbun gas na kashin dabbobi: hanci ba ma'auni ba ne

A ƙasar Minjibir gona na manne da gona, babu saurar da za a bari ta huta, don haka taki dukiya ne. Dabbobi na ɗaure a turke duk damina, kashinsu na taruwa wuri guda, da rani a cika mangala jaki ya kai gona. Irin wannan zama shi ya fi dacewa da rumbun gas: a dama kashi da ruwa, a zuba a rufaffen rami ya ruɓe, a samu iskar girki, abin da ya fito kuma a mayar gona. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta daɗe tana gina irinsa. Sai dai mu da muke wannan aiki mun san inda mai gida ke fara rage kuɗi. Rami zai biya, murhu zai biya, amma ƙananan kayan kariya da ke tsakaninsu yakan ɗauke su ado ne.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce gas ɗin yana da wari, in ya tsiyaya za a ji. Abin da ke ci da wuta a cikinsa, wato mitan, kashi 50 zuwa 70 ne cikin ɗari, kuma ba shi da wari ko kaɗan. Idan ya kai kashi 5 zuwa 15 na iskar ɗaki, ƙyasta ashana ɗaya ta isa. Warin ruɓaɓɓen ƙwan da ake ji na wata iska ce mai guba, haidirojin salfaid, ita kuwa da ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jijiyar jin wari. Mutum ya ɗauka iska ta washe, alhali lokacin ne gubar ta fi yawa. In ta haura 700 takan kayar da mutum cikin ɗan numfashi. A 2005 ita ta kashe mutum huɗu a wata masana'antar gas a Rhadereistedt da ke Jamus, ƙasar da ba ta rasa injiniyoyi ba. Wani zai ce ai waccan babba ce, namu na bayan ɗaki ne. Gaskiya ne matsin namu kaɗan ne, amma gubar ta fi iska nauyi, ƙasa take kwanciya, kuma ƙaramin rami ya fi saurin cika da ita.

Maganar tsada ma ba ta tsayawa, don kayan kariyar ba masu tsada ba ne. Gas yana fitowa da raɓa, in bututu bai gangara zuwa tarkon ruwa ba, ruwan zai taru a gwiwa, wuta ta riƙa tsalle tana mutuwa, gas na ci gaba da fita a madafa. Mafitar matsi kuwa gora ce mai ruwa da aka tsoma bakin tiyo a ciki: da matsi ya wuce kima sai ya fita kumfa-kumfa, maimakon ya tsaga murfin rami ko jakar tara gas. Zafin bazara kan ƙafar da ruwan gorar, dole a riƙa dubawa. Ana cusa soson ƙarfe a gwangwani a kan layin bututu don ya tsotse gubar. In ya yi baƙi a sauya, a baza tsohon a fili nesa da kara, domin yakan ɗau zafi da ya sha iska. A sa makarin wuta kafin murhu, a guji jan ƙarfe don gas ɗin na cin sa, a binne tiyo inda akuya da rana ba za su kai ba. Gwajin tsiyaya da ruwan sabulu ake yi a kowace mahaɗa, ba da ashana ba. Gas ɗin farko kuma a sake shi a sarari, domin a gauraye yake da iska.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar kwashe rami. Masu haƙar rijiya sun gaji dabarar zura fitila don gwada iska, amma a nan fitilar ce za ta tashi ramin. A buɗe shi ya sha iska kwanaki, a kwashe daga sama da guga. In shiga ta zama dole, sai da na'urar auna gas, da igiya a ƙugu, da mutum biyu riƙe da ita a baki. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya faɗi a ciki kada ya dira, ya ja igiya ya yi kururuwa.