Yadda Ake Tara Lissafin Manoma da Manunin Mamba a C++

Idan aka gama girbin shinkafa a fadamun Lau, bakin kogin Binuwai, magatakardan ƙungiyar manoma zai nemi jimillar buhuna, da ta hektoci, da ta bashin taki. Sabon mai koyon C++ sai ya rubuta fanshin uku masu kama ɗaya. Guda ɗaya ya isa, muddin mai kira ne zai faɗi abin da za a tara.

Da farko ka tsara bayanan:

struct Manomi { std::string suna; double hekta; int buhu; };

Sai ka ɗauki manunin mamba da &Manomi::buhu. Nan ne mutane ke rikicewa. Wannan manuni bai san buhunan wani takamaiman manomi ba. Kamar layin "buhu" ne a littafin magatakarda: ya nuna inda za a duba, amma sai ka faɗi shafin wa za a buɗe. Shi ya sa kwamfailar GCC ke ajiye shi a matsayin tazara daga farkon bayanan, tana kuma sa -1 ga wanda bai nuna komai ba, tunda 0 tazarar mamban farko ce.

Yanzu ga fanshin ɗin:

template <class T, class M>
M jimla(const std::vector<T>& jeri, M T::*fili) {
  M j{};
  for (const T& x : jeri) j += x.*fili;
  return j;
}

M T::*fili na nufin manuni zuwa wani mamban T mai nau'in M. Alamar .* ce ke haɗa manomi da layin da aka zaɓa. In kuwa manuni ne a hannunka zuwa ga manomin, sai ka sa ->*.

In manoma jerin Manomi ne, kira shi haka: jimla(manoma, &Manomi::buhu). Kwamfaila da kanta za ta gane T da M. Ba shi hekta, ya dawo maka da double. Ka ba shi suna ma ba zai ƙi ba, sai dai ya jera maka sunayen ƙungiya kaf a manne da juna.

Kada ka rubuta &(Manomi::buhu); da baka ɗin, ba manunin mamba ba ne. Mamban static ma manuni na yau da kullum yake bayarwa.

Gado ne ya fi cin lokaci. A ce ManominRani ya gaji Manomi. To &ManominRani::buhu nau'insa int Manomi::* ne, don haka in ka ba jimla jerin ManominRani, kwamfaila za ta ga T biyu masu saɓani, ta ƙi aikin. Maganin shi ne ka raba su: template <class T, class C, class M>, sannan M C::*fili. Daga C++17 kana iya sa std::invoke(fili, x) a madadin x.*fili, ya karɓi manomin ko manuninsa.