Darasi na 14: Mura da allurar rigakafinta

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan taso daga hamada, ta lulluɓe Garwa da ƙura. Wata safiyar in ka tsaya a kan gadar Binuwai, da ƙyar za ka hangi ɗaya gaɓar kogin saboda hazo. Leɓɓa su tsage, ƙafa ta yi faso. A cikin aji kuwa ba ka jin kome sai tari da atishawa.

Yara, ku lura da wani abu. Mu Hausawa duk "mura" muke cewa, amma da Faransanci kalmomi biyu ne. Akwai le rhume, watau 'yar murar nan ta majina da atishawa, wadda ba ta hana yaro wasan ƙwallo. Akwai kuma la grippe. Ita wannan farat ɗaya take kama mutum. Da safe yana lafiya, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi, kai na sarawa, gaɓoɓi na ciwo, ga busasshen tari. Yaro mai ƙarfi yakan warke cikin mako guda. Amma tsoho, da jariri, da mace mai ciki, da mai asma ko ciwon suga, tana iya sauka a huhunsu ta yi musu mugun lahani. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS da Faransanci, ta ƙiyasta cewa wannan mura tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara. A shekarar 1918 ta zama annoba, ta zagaye duniya, ta hallaka miliyoyin mutane. Ita ce tsofaffin ƙasar Hausa suka sa wa suna Marisuwa.

Ba ƙura ke kawo ta ba, ba kuma shan ruwan randa ba. Wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ido ba ya gani. In mai mura ya yi tari bai rufe baki ba, sai ta fita cikin feshin yawu ta shiga hancin na kusa da shi. Takan kuma bi hannu in an gaisa. A ƙasashe masu zafi irin tamu ba ta jiran hunturu, ko da damina ma tana zuwa.

To, mene ne aikin allura? A cikin jinin kowane mutum akwai masu gadi. Sai dai mai gadi ba ya kama ɓarawon da bai san fuskarsa ba. Allurar rigakafi tana ɗauke da ɗan guntun ƙwayar cutar da aka riga aka kashe. Ba ya iya sa ciwo, amma masu gadin nan za su dube shi da kyau, su riƙe kamanninsa. Wannan karatu nasu yakan ɗauki kamar mako biyu. Daga nan in ɓarawon gaske ya hauro katanga, yana dira za su gane shi.

Amma ɓarawon nan akwai wayo. Kusan kowace shekara sai ya sake riga da rawani. Shi ya sa allurar bara ba ta isa ta bana. Masana a ƙasashe da yawa suna biye da shi. A nan Kamaru akwai Centre Pasteur a Yawunde, kuma tana da reshe a Garwa. Akan ɗebi 'yar majina daga hancin marasa lafiya da auduga, a duba irin ƙwayar da ke yawo, a aika wa OMS labari. Sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, masana sukan zauna su zaɓi irin ƙwayoyin da za a haɗa sabuwar allura da su.

Allurar mura ba ta cikin waɗanda ake yi wa jarirai kyauta a asibiti. Wanda ke bukatarta yakan fara ganin likita, ya karɓi takarda, sa'an nan ya nufi farmasi, watau kantin magani mai izinin hukuma. Ga yadda ta kasance da wani yaro ɗan aji biyar da kakarsa. Tsohuwar tana shirin tafiya aikin hajji, jirginsu daga Garwa zai tashi. An riga an yi mata allurar sanƙarau, wadda tilas ce ga kowane alhaji. Likita kuma ya ba ta shawara ta ƙara da ta mura, saboda cunkoson jama'a a Makka.

Suka shiga farmasi, suka yi sallama. Yaron ya miƙa takarda.

Mai farmasi ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Yaya ƙarfin jiki? Babu zazzaɓi yau?"

Ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Amma ni fa an yi mini irin wannan allura bara. Maigidan nan nawa ne ya matsa sai mun zo." Ta nuna jikanta da baki.

Yaron ya ce, "Kaka, ai ta bara ta tsufa. Malam ya ce cutar tana sake kama."

Mai farmasi ya yi dariya ya ce, "Maigidanki ya yi gaskiya, Hajiya."

Bai ɗauko allurar daga kanta ba. Firij ya buɗe. Ya nuna wa yaron kwanan watan da ke jikin kwalin, ya ce ya karanta da ƙarfi, don su tabbata wa'adinta bai wuce ba. Sa'an nan ya sa ta cikin 'yar kula mai ƙanƙara, ya raba su da guntun kwali don kada su haɗu. Ya ce, "Daga nan sai asibiti. Kada ku biya kasuwa, kada ku tsaya gaisuwa."

Kun san dalili? Allura ba ta son zafi, ba ta kuma son daskarewa. Sanyin da take so shi ne digiri 2 zuwa 8. A Garwa kuwa, cikin Maris da Afrilu, zafi yakan wuce digiri 40. In ta sha rana, launinta ba zai sake ba, kwalinta ba zai nuna kome ba, amma ƙarfinta ya tafi. Wanda aka yi masa ita sai ya saki jiki, yana tsammani yana da tsaro, alhali kuwa babu. Don haka mai tallan magani a faranti, wanda ke yawo da shi tsakar rana, ko kyauta ya ba ku allura kada a karɓa. Mutum na iya zama mai kirki, farantinsa dai ba firij ba ne.

A asibiti malamar jinya ta fasa sabon sirinji a gabansu, ta yi wa tsohuwar allura a dantse, ta rubuta a katinta. Ta ce su ɗan zauna tukuna kafin su tafi. Ta kuma gaya mata wurin zai iya yin tsami kwana ɗaya ko biyu, jiki ya ɗan yi ɗumi, wannan ba abin tsoro ba ne.

Allurar ba ta hana 'yar murar majina, kuma wani lokaci wanda aka yi masa yakan kamu duk da haka, sai dai galibi ciwon yakan zo da sauƙi. Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a yi masa ita. Tsaronsa yana hannun yayyensa: su wanke hannu da sabulu kafin su ɗauke shi, su yi tari cikin gwiwar hannu. In kuwa zazzaɓi ya kama ku, kada a ce mura ce kawai a zauna gida. A je a gwada jini, don zazzaɓin cizon sauro ma haka yake farawa.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin le rhume da la grippe?
2. Don me ake sake allurar mura kowace shekara?
3. Me ya sa mai farmasi ya hana su biyawa kasuwa?
4. Me ya sa tsohuwar ta kira jikanta "maigida"?

Aiki
Ku tambayi wani tsoho a unguwarku ko ya taɓa jin labarin Marisuwa. Ku rubuta abin da ya faɗa cikin layi biyar da Hausa, ku zaɓi layi biyu ku juya su da Faransanci.