Wace Ƙungiya Mai Kwalliyar Fure Za Ta Shiga?

Tambaya: Anti, a Minanata ta Sakkwato nake, ina yi wa amare kwalliyar fure a wurin kamu da walima. Wace ƙungiya zan shiga in ƙara ƙwarewa?

Amsa: 'Yata, Allah ya sa wa sana'a albarka. A Ingila masu shirya fure suna da ƙungiyarsu, NAFAS, tun 1959. Nan gida akwai HORTSON ta masana shuke-shuken lambu, da APPOEMN ta masu shirya bukukuwa, wadda ƙarfinta ya fi a Legas. Cibiyar NIHORT da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1975, takan ba da horo kan furanni.

Amma ni a ganina, kafin ki hango Ibadan, duba maƙwabta. Ki nemo masu irin sana'arki daga Minanata zuwa Mabera. Mutum goma sun isa ku yi rajistar ƙungiyar gama kai a ma'aikatar jiha. Amfaninta ba kaɗan ba ne. Ɗanyen fure daga Jos ake kawo shi, kuɗin mota kuwa sai ya cinye ribar mutum ɗaya; in kun haɗa oda, kun raba nauyin. Ku kuma lura, a zafin Afrilu na Sakkwato, furen da aka jera da hantsi kafin la'asar ya langaɓe. Ku riƙa yanke gindinsa a karkace, ku tsoma a bokitin ruwan sanyi cikin inuwa, sai dab da zuwan amarya a jera, a cike gurbi da na roba.

Ku kuma tsayar da farashi ɗaya, kada uwar amarya ta riƙa yawo tsakaninku tana neman ragi.