Darasin Mata: Halittar Ɗa a Cikin Mahaifa da Lokacin Fara Awo



'Yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan abin da ke gudana ne a cikin mahaifarki tun ranar da ciki ya shiga. A nan Illela da yawanmu ba mu taka asibiti sai ciki ya ture zane, wata shida ko bakwai. In an yi wa mace magana sai ta ce, "Ni lahiyata lau, mi za ni yi asibiti?" Wata kunyar uwar miji ke hana ta, wata tsoron bakin mutane. Alhali watannin nan da muke ɓoyewa, a cikinsu ne ake ƙera gaɓɓan ɗan gaba ɗaya.

Allah Maɗaukakin Sarki ya jera mana matakan halittar mutum a Suratul Muminun, aya ta 12 zuwa ta 14, tun daga ɗigon ruwa har zuwa ƙashi da nama. Haka nan hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, na huɗu a Arba'una Hadisi da muke haddatar da yaranmu a Islamiyya. Daga gare shi ne mafi yawan malamai suka fahimci ana busa rai bayan kwana 120. To, mu duba abin da likitoci suka gano game da waɗannan kwanaki.

Su ma'aikatan lafiya suna fara lissafi ne daga ranar farko ta jinin hailarki na ƙarshe, su ƙirga mako 40, wato kwana 280. Don haka lissafinsu ya ɗara ainihin shigar ciki da kusan mako biyu. Ke kuwa Musulma, wannan rana bai kamata ta ɓace miki ba, tunda ita ce ranar da kika ajiye salla. Ki riƙa rubuta ta, ko a bangon littafinki na makaranta ne.

Kimanin kwana 22 da shigar ciki, zuciya ta fara bugawa, ɗan kuwa bai wuce ƙwayar gero ba. Kafin kwana 28 hanyar da za ta zama ƙwaƙwalwa da laka ta rufe. Ki lura, a wannan lokaci mace da kyar ta gama tabbatar da ɓatan wata. In hanyar nan ba ta rufe daidai ba, shi ne ake haihuwar jariri da ƙullutu a gadon baya, ƙafafu ba ƙarfi, wani kuma ƙoƙon kansa bai haɗu ba. Ƙaramar ƙwayar nan rawaya da ake ba mu, folik asid, tana rage aukuwar haka ƙwarai, amma sai in an sha ta da wuri, mafi kyau ma tun ana neman cikin. Wadda ta fara sha a wata shida za ta amfana wajen ƙarin jini, sai dai wancan aikin ya riga ya wuce ta.

Zuwa mako 10 a lissafin asibiti, ɗan ya kai tsawon ɗan dabino, santimita uku ko kusa da haka. An fitar da yatsu, an kafa idanu da hanta da ƙoda. Abin da ya rage girma ne da ƙwari. Shi ya sa nake jin tsoron magungunan da muke saye a faranti ranar Lahadi a kasuwa, da jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa mai laulayi ba a san abin da ke ciki ba. Mai tallan bai tambaye ki ko kin yi ɓatan wata ba, ke ma ba za ki faɗa masa ba. Duk maganin da za ki sha, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya gaskiyar halin da kike ciki, ita ba ta cikin waɗanda ake jin kunya.

Tsakanin mako 16 da 20 za ki fara jin motsi. Mai cikin fari takan ɗan makara. A mako 20 mahaifa ta iso cibiya. Huhu shi ne na baya wajen nuna. Malamai sun haɗa aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf da ta 233 ta Baƙara suka fitar da cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne, amma bakwaini ba ya iya numfashi sosai sai da taimako, don huhu bai gama ƙwari sai a makonnin ƙarshe.

To, me ake dubawa a awo? A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shawararta daga zuwa huɗu zuwa takwas, na farko cikin mako 12 na fari. Ana gwada hawan jini da fitsari, domin jijjiga da taune-taunen da muke jingina wa iska a fitsari da ma'aunin hannu suke fara nuna alama. Ana duba yawan jini, da jinsinsa saboda sikila. Daga mako 13 ana fara ba da Fansidar, kusan wata-wata, don maleriya tana tsotse jinin uwa ta kuma tsumburar da ɗa. Sai allurar sandarewar jarirai. Shi kuma tef ɗin da ake shimfiɗa miki a ciki, bayan mako 24 tsawonsa a santimita yakan yi kusa da adadin makonnin. In ya gaza sosai ko ya zarce, a bincika.

Akwai 'yan'uwa masu ɗari-ɗari da hoton ciki, suna ganin ya ci karo da ƙarshen Suratu Lukman, inda Allah ya keɓe wa kansa sanin abin da ke cikin mahaifa. Malamai sun yi bayani cewa sanin nan ya haɗa da arzikin ɗan da ajalinsa da makomarsa, na'ura kuwa siffa kawai take gani bayan an riga an halitta. Ana son a yi shi sau ɗaya kafin mako 24. Yana tabbatar da watanni, ya nuna ko tagwaye ne, ya nuna mazaunin mabiyiya, don in ta tare bakin mahaifa haihuwar gida haɗari ce babba. A ganina, wadda ta fito ɗakin hoto ba ta tambayi komai ba sai namiji ko mace, ta yi asarar kuɗinta.

Mu mutanen bakin iyaka muna da wata matsala tamu. Yarinya ta yi awo a Illela, sai a kai ta goyon ciki gidan iyayenta a Ƙonni, ko ta ƙetaro daga can da karnenta rubuce da Faransanci. In an bar katin a ƙasan akwati, ungozomar da ta karɓe ta daga farko za ta soma, ba ta san an taɓa ganin hawan jini ba. Ki sa shi a jakar da kike tafiya da ita. Ku kuma yi magana da maigida tun yanzu, ya ba ki izinin fita ko ba ya gari, a kuma ware kuɗin mota, don wata matsalar sai an tura Sakkwato.

In kin ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko zazzaɓi, ko faya ta fashe kafin lokaci, ko motsin ɗan ya ragu, kada ki jira ranar awo, ko da tsakar dare ne.