Ƙayyade Wa Yara Lokacin Intanet a Ƙasar Sin

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda hukuma a ƙasar Sin ta yanka wa yara lokacin da za su yi a intanet, da kuma yadda su da iyayensu suke zaune da wannan ƙa'ida. Tun da farko ya kamata mu bambanta kalmomi biyu. Hanawa ita ce a rufe ƙofa gaba ɗaya. Ƙayyadewa kuwa, ita ce a auna wa mutum abu da mudu, a ce iyakarsa ke nan. Abin da ake yi a Sin ƙayyadewa ce, sai dai mudun ya yi ta ƙanƙancewa.

An fara ne da wasannin intanet a shekarar 1 ga wannan tafiya, watau 2007. A lokacin ba a korar yaro daga wasa. Idan ya wuce awa 3, sai a rage masa rabin makin da yake ci, in ya haura awa 5 kuwa, ba ya samun kome. A watan Nuwamba na 2019 aka tsananta. Duk wanda bai cika shekara 18 ba, minti 90 ne rabonsa a ranakun makaranta, awa 3 a ranakun hutu, kuma babu wasa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 8 na safe. A watan Agusta na 2021 wata jarida ta gwamnati ta kira wasannin da sunan ofiyom na ruhi. Wannan kalma tana da nauyi ƙwarai a kunnen Basine, domin a kan wannan abin maye ne Ingila ta yaƙi ƙasarsa daga 1839 zuwa 1842. Kafin watan ya fita, aka mayar da lokacin wasa awa 1 tak, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu na hukuma.

Abin bai tsaya ga wasa ba. A watan Satumba na wannan shekara, Douyin, 'yar'uwar TikTok, ta ba 'yan ƙasa da shekara 14 minti 40 a rana. A 2023 kuma hukumar kula da intanet ta fito da daftarin da ya shafi wayar hannu dungurungum: minti 40 ga wanda bai kai 8 ba, awa 1 daga 8 zuwa 16, awa 2 daga 16 zuwa 18, amma da damar iyaye su canza.

To, yaya kwamfuta take sanin shekarun yaro? Ba a buɗe wa kowa wasa sai ya ba da sunansa na gaskiya da lambar katinsa na ɗan ƙasa, ranar haihuwa kuwa tana cikin wannan lamba. Nan ne wayon yara ya sami ƙofa. Wasu suka riƙa shiga da katin iyayensu ko na kakanninsu, wasu kuma suka koma hayar suna daga hannun manya, har abin ya zama sana'a. Matsalar ta fi tsanani a karkara, inda iyaye da yawa suka tafi ci-rani birane suka bar 'ya'ya a hannun kakanni. Tsohuwar da jikanta yake buɗe mata wayarta, ina za ta iya tsare shi daga wayar? Saboda haka a watan Yuli na 2021 kamfanin Tencent ya fara duba fuskar mai wasa cikin dare, don ya tabbatar ko shi ne mai katin. Sai ga shi dokar da aka yi don tarbiyyar yaro ta kai ga baligi ma yana nuna fuskarsa kafin ya yi wasa. A ganina, wannan shi ne farashi mafi tsada da aka biya.

Shin ƙa'idar ta yi amfani? Wasu masana a ƙarƙashin David Zendle na Jami'ar York da ke Ingila sun nazarci awoyin wasa fiye da biliyan 7, suka fitar da sakamako a 2023. Ba su sami shaidar cewa dokar 2019 ta rage yawan masu wuce gona da iri ba. Amma a yi hattara, nazarin bai kai ga dokar 2021 ba, kuma bai iya ware yara daga manya ba.

Har ila yau, akwai abin lura a maƙwabta. Koriya ta Kudu ta kafa irin wannan doka a 2011, ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasa daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na safe. A 2021, shekarar da Sin ta ƙara ɗaure nata igiyar, Koriya ta soke dokar, ta bar wa iyaye su zaɓa wa 'ya'yansu lokaci.